Shekara Biyu da Tsohuwar A-kori-kura a Mile 12: Nazarin Juriyarta da Lalurorinta

Wannan nazari ya shafi mota guda ɗaya, Toyota Hilux ƙirar 2008 mai gida ɗaya, mai shan gas, wato dizal, wadda wani ɗan kasuwar kayan gwari ya saya ta hannu domin kai tumatir da albasa da tattasai daga kasuwar Mile 12 da ke Legas zuwa ga abokan cinikinsa na Obalende da Ikoyi da Lekki har Ajah. Ni nake riƙe masa littafin shige da fice na shago, saboda haka duk kuɗin da aka kashe wa motar cikin shekara biyu ta hannuna ya bi, kuma galibin ranakun da ta kwana a gareji ina tsaye ake kwance ta ana ɗaurawa. Mai motar zan kira shi Alhaji, kamar yadda kowa yake kiransa a kasuwa. Direban ɗan ƙanwarsa ne. Bakaniken da aikin ya ƙare a hannunsa kuwa wani dattijo ne Bakano da ya daɗe da zama a Agege.

Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne, a tsawon wannan lokaci motar sau ɗaya tak ta tsaya a hanya har aka nemo janwe, amma kuma babu wata guda da ya wuce ba tare da na rubuta mata wani abu a shafin gyara ba. Wanda ya ce motar tana da juriya ya faɗi gaskiya, wanda ya ce ta cinye riba shi ma bai yi ƙarya ba, kuma da na bi littafin daga farko zuwa ƙarshe sai na ga maganganun biyu tushensu ɗaya: mota ce da take ci gaba da tafiya alhali tana ɗauke da ciwo, don haka ba a kai ta wurin magani sai ciwon ya ci jiki.

Abin da aka saya

Sunan Hilux ba a banza ya samu ba. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma mutanen Arewa da suka manyanta ba su manta da 1987 ba, shekarar da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a kan irin waɗannan ƙananan motoci, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan kamfanin. A kasuwanninmu ita ce ta gaji Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, waɗanda su ne asalin a-kori-kura. Wadda Alhaji ya saya tana cikin zubi na bakwai, wanda aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015, kuma injin da ke cikinta 5L-E ne, mai lita uku, silinda huɗu, babu tobo. Inji ne na tsohon yayi, jikinsa da kansa duk baƙin ƙarfe, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma ba shi da tsirfar sababbin injunan gas irin su 2KD da 1KD, waɗanda nozul ɗinsu ke aiki da matsi mai tsanani kuma ba sa yafe wa gurɓataccen mai ko kaɗan. Wannan sauƙin ne ya ja hankalin Alhaji, domin ya san cewa daga kasuwar kayan mota ta Ladipo zuwa Agege babu kayan wannan inji da za a nema a rasa, kuma babu bakaniken gas da zai ce bai taɓa buɗe irinsa ba.

Motar ba tokumbo ba ce, wato ba daga Turai ko Amurka aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba. A nan ƙasar ta yi aikinta na fari, a hannun wani kamfani da ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa, sannan ta bi ta hannun dillalai biyu kafin ta zo gare mu da sabon farin fenti. Dubawar da aka yi mata ranar ciniki irin ta mutanenmu ce: an tayar da inji an saurara, an taka totur an leƙa salansa, an zagaya unguwa da ita, an ƙwanƙwasa bodi. Babu wanda ya ce a hau da ita rami a leƙa ƙarƙashinta, kuma da muka iso an riga an tayar da ita ta ɗumama, ta yadda ba mu ga yadda take tashi da sanyin safiya ba, alhali a nan ne tsohon injin gas yake faɗin gaskiyarsa.

Alamomin rayuwarta ta baya suna nan a fili ga wanda ya san abin da yake nema, sai dai mu daga baya muka koya. Akwai hudoji a rufi da aka cike da gam, inda fitilar aiki da eriyar oba-oba suka taɓa zama. Robar fedar kuloci ta side har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, abin da bai dace da lambar da maleji yake nunawa ba. Cikin ramin casis, wato ƙarfen gindi da yake ɗauke da jikin motar, cike yake da busasshiyar laka mai launin toka wadda ba ta Legas ba ce. Mafi muhimmanci kuma, wata shida bayan saye, yaron gareji ya goge murfin taimin bel sai ga tsohuwar takarda manne a jiki, ɗauke da lambar malejin da aka canja bel ɗin a kanta, kuma lambar ta ɗara wadda ke gaban direba da fiye da kilomita 60,000. An mayar da maleji baya ke nan. Ko da ma ba a taɓa shi ba, maleji tafiya kaɗai yake ƙirgawa, ba ya ƙirga sa'o'in da motar kamfani take yi a tsaye da inji a kunne ana shan sanyin na'ura, kuma waɗannan sa'o'i suna cin inji kamar yadda tafiya take ci.

Ganin takardar nan ya yi mana rana ɗaya. Taimin bel na irin waɗannan injuna ana canja shi ne tsakanin kilomita 100,000 da 150,000, gwargwadon injin da shekararsa, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin ne zai haɗu da bawul, aikin ya tashi daga na yini ɗaya ya koma na sauke kan inji. Da lissafin gaskiya babu wanda ya san nisan da bel ɗin ya yi tun wancan canjin, da lissafin malejin ƙarya kuwa da sai mu ƙara shekara biyu muna jira. Aka canja shi a makon, tare da boris ɗin da suke riƙe shi.

Lodi

Ƙa'idar motar ita ce ta ɗauki kusan tan ɗaya, kuma a cikin wannan tan ɗin har da direba da yaran da suke bin kaya. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100, babban kwandon tumatir ya haura kilo 50, saboda haka buhu shida da kwando shida da mutum biyu sun riga sun cika mudu. A aikace kuwa, musamman ranakun da manyan motoci suka sauke da yawa daga Kano da Sakkwato da Zariya, ana ɗora mata ninkin wannan, domin sawu ɗaya zuwa Ajah da dawowa yakan cinye yini, kuma babu mai son yin biyu. Motar ba ta taɓa ƙin tashi da kayan ba, kuma a ganina rashin ƙin nata shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya.

Cikin wata na uku ganyen sifirin na baya ɗaya ya karye. Maimakon a ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, sai aka yi abin da kusan kowane mai a-kori-kura yake yi: aka ƙara ganye bibbiyu a kowane gefe, bayan motar ya ɗaga, ta daina zama idan an yi lodi, kowa ya ce an yi maganin abin. Abin da ba a lura da shi ba shi ne sifirin kaɗai aka ƙarfafa, nauyin kuwa yana nan yana sauka a kan abubuwan da ba a ƙarfafa ba. A aksil na baya na wannan mota, sandar da take juya taya ita ce kuma take ɗauke da nauyi, a kan boris guda ɗaya a kowane gefe, don haka duk kilon da aka ƙara a kansa yake ƙarewa. Kuloci ma ya ɗanɗana, domin tashi da tan biyu a hawan gadar Ojota cikin goslo, ana taka shi rabi ana saki, yana ƙona faranti. Sau biyu aka canja shi a shekara biyu, abin da ya kamata ya yi shekaru.

Akwai wata illa ta ƙarin ganyen da ban taɓa jin labarinta ba sai a bakin dattijon Agege. A ƙarƙashin motar, kusa da aksil na baya, akwai wani bawul da siririyar sanda ta haɗa shi da aksil ɗin, aikinsa shi ne auna yadda bayan mota ya zauna domin ya san yawan ƙarfin birkin da zai tura wa tayoyin baya: idan ta zauna, alamar akwai kaya, sai ya ƙara, idan ta ɗaga, alamar babu, sai ya rage don kada tayoyin su ƙulle. Da aka ƙara ganye motar ta daina zama, sai bawul ɗin ya riƙa ɗaukar motar da ke ɗauke da tan biyu a matsayin marar kaya, nauyin tsayar da ita duka ya koma kan birkin gaba. Direba ya sha yin ƙorafin cewa takalman birkin gaba ba sa daɗewa, mu kuma muna ɗora laifin a kan ƙafarsa da kan masu sayar da kaya. Sai da aka kai ta gwajin na'ura na jami'an duba motoci domin sabunta takardar lafiyar mota sannan ta bayyana cewa birkin baya kusan ba ya yin komai.

Ruwa

Damina a Legas hawa biyu take yi, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma hanyar motar nan ta kullum ta haɗa da wuraren da ruwa yake kwanciya, irin su Iyana Oworo a bakin gadar Third Mainland da wasu sassan hanyar Lekki. Tsayin a-kori-kura yana ba direba ƙarfin gwiwa, ya ga ƙananan motoci sun tsaya shi ya kutsa, kuma lallai ruwan bai taɓa kaiwa bakin shaƙar iska ba, wanda da ya kai da inji ya buga nan take, domin ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda. Ɓarnar da ya yi a ɓoye ya yi ta.

Aksil da ya yi tafiyar awa guda da lodi yana da zafi, idan kuwa aka tsoma shi cikin ruwa farat ɗaya sai iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta ƙaramar hudar numfashinsa da ke sama, ko ta bakin sil idan hudar ta toshe da laka, kamar yadda tamu ta toshe. Wata biyu bayan daminar farko aka fara jin gurnani daga baya, wanda yake ƙaruwa da gudu, da aka kwance notin ƙasa sai man aksil ya zubo fari-fari kamar kunun gyaɗa. Boris na gefen dama ya tafi, sil ya saki, mai ya jiƙa takalmin birki na wannan gefen, kuma haƙoran cikin aksil sun fara tabo. Da an yi juyen man aksil a makon da aka shiga ruwan, kuɗin bai fi na kwandon tumatir biyu ba. Haka nan mahaɗun farfela, wato sandar da take kai juyin inji zuwa aksil na baya, suna da bakin giris da aka tanada musamman domin a riƙa cusa sabo yana koro ruwa da datti, amma ba a taɓa kusantarsu ba tun da aka sayi motar, har sai da ta fara kaɗawa a gudun kilomita 70.

Ruwa na biyu daga cikin kayan yake fitowa. Tumatir da ya kwana biyu ko uku a hanya daga Arewa yana tsiyayar da ruwa mai tsami, wanda yake bin hudojin bayan mota ya sauka a kan casis, inda ya tarar da tsohuwar laka mai riƙe danshi, ga kuma iskar bakin teku mai gishiri. Zan komo kan wannan a ƙarshe, domin shi ne abin da har yau ba a gama da shi ba.

Zafi

Babbar lalurar da ta kwantar da motar mako uku ta faru ne a shekara ta biyu, cikin zafin Maris, a kan gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8 kuma babu inda mutum zai ratse ya nemi ruwa ko inuwa. Amma ranar ƙarshen labarin ce kawai, farkonsa ya girmi zuwan motar hannunmu.

Da aka kwance, abu na farko da aka tarar shi ne babu tamostat a mazauninsa. Cire shi tsohuwar al'ada ce a garejin ƙasar nan, bisa hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne, mu kuwa zafi ya ishe mu. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake aiki ba. Tamostat ƙofa ce da take buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82, ta riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kuma a injuna da yawa idan ta buɗe hanyar lagireto tana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa yake zagayawa ta cikin inji. Idan babu ita, wani kaso na ruwan yana ta kewaya gajeriyar hanyar bai taɓa isa wurin da zai huce ba, ga shi kuma da safe inji yana daɗewa bai ɗumama ba, yana ƙona gas a banza yana tara baƙi.

Abu na biyu shi ne ruwan kansa. Shekara da shekaru ruwan famfo da na rijiyar burtsatse ake ɗura mata, mu ma haka muka ci gaba, kowace safiya yaron mota ya cika da jarka. Ruwan lagireto na gaskiya ba launi kawai ba ne, yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, kuma injin da jikinsa baƙin ƙarfe ne idan aka bar shi da ruwa tsura sai ya riƙa ci daga ciki. Tsatsar ta toshe kusan rabin siraran bututun lagireto, ta kuma cinye fukafukan famfon ruwa har suka zama kamar tsohon cokali. Murfin lagireto ma ya saki. Mutane suna raina murfin nan, alhali shi yake riƙe matsin da yake ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120, kuma wannan tazarar ita ce take tsakanin inji mai zafi da inji mai tafasa. Cikon na huɗu ita ce fanka, wadda a wannan mota wani kuloci mai kaurin mai a cikinsa ne yake kama ta idan zafi ya tashi. Man ya tsiyaye tuntuni, fankar tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. A buɗaɗɗiyar hanya iskar gudu tana rufe wannan aibi, a goslo kuwa babu mai rufe shi.

Ko ɗaya daga cikin huɗun nan da zai iya kwantar da wata motar tun da wuri, a gano shi, a gyara da kuɗi kaɗan. Wannan injin ya haɗiye su duka ya ci gaba da aiki fiye da shekara, yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, har cika jarka da safe ya zama al'ada maimakon ya zama abin tambaya. Lagireto mai lafiya ba ya neman ruwa kullum, kuma duk motar da take nema tana zubar da shi ne ta wani wuri, ko waje ko ciki.

Game da ranar kanta, maganar direba da ta Alhaji sun sha bamban, kuma sai da na saurari bakanike sannan na gane cewa kowannensu yana da rabin gaskiya. Direban ya rantse cewa allurar zafi tana tsakiya har ya hau gada, daga nan ta yi sama, sannan ta sauko da kanta, shi ya sa ya ci gaba da lallaɓawa. Alhaji ya ce wannan zancen kare kai ne, allura ba ta saukowa haka kawai. Direban ya ce masa, "Wallahi Kawu, da idona na ga ta sauko." Dattijon ya goyi bayansa a nan, ya ce allurar irin waɗannan motoci an yi ta ne ta zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi, ba ta motsi sai abu ya yi nisa, kuma idan ruwa ya ƙare har ya bar bakin ma'aunin, ma'aunin tururi yake ji ba ruwa ba, sai allura ta faɗi a daidai lokacin da inji yake ƙonewa. Inda bai goyi bayansa ba shi ne abin da ya yi bayan motar ta mutu: ya buɗe murfi ya antaya ruwan leda mai sanyi cikin ƙarfe mai zafi. "Alhaji, ba na cewa ruwan ledan ne ya fasa shi," in ji dattijon, "amma idan akwai sauran rai a kan nan, shi ya ƙarasa shi."

Kan injin, wanda kanikawa suke kira top silinda, ya tsage tsakanin mazaunin bawul biyu a silinda ta uku. A nan aka yi kuskure na ƙarshe, kuma namu ne. Garejin farko da janwe ya kai ta, kusa da kasuwa, sun ce gasket ne kawai, aka kai kan aka fere shi, aka sa sabon gasket, aka ɗaure da hannu da ƙiyasi, ba tare da an gwada kan da matsi an ga ko yana yoyo ba. Kwana tara ta yi, sai tiyo ya fara kumbura ya yi tauri tun da safe, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi yana fita idan an tayar. Sannan ne aka kai ta Agege. Dattijon ya ƙi taɓa ta sai da aka amince da sharuɗɗansa: a sayo wani kan a gwada shi da matsi kafin a biya, a auna yadda fistin suke leƙowa sama da jikin inji domin a zaɓi kaurin gasket da ya dace, tunda na wannan inji kauri-kauri ne, a ɗaure notuna da sifana mai ma'auni bisa jerinsu, sannan a canja lagireto da famfo da murfi da kulocin fanka a mayar da tamostat, duk a lokaci ɗaya. Alhaji ya nemi a bar lagireto zuwa wani watan, dattijon ya ce to a kai ta wani garejin. Aikin biyu a haɗe, da kuɗin hayar motar da ta riƙe mana abokan ciniki mako uku, sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sayi motar.

Gas da ƙananan abubuwa

An sayi motar ne gab da tashin farashin gas na 2022, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 a farkon shekara ta haura 700 kafin ƙarshenta, kuma wannan ya jefa direba cikin jarabar sayen na jarka mai rahusa. Famfon gas da man da yake bi ta cikinsa yake samun santsi, saboda haka gas da aka sirka da kananzir ko wanda ya sha ruwa yana cinsa a hankali. An yi sa'a, a ƙasan filta akwai mazubin da yake tare ruwa da fitilar da take kamawa idan ya cika, kuma bayan an wanke nozul sau ɗaya aka hana sayen na jarka, famfon ya tsira. Sauran abubuwan da ke littafin, irin su boljoyin da shokozoba da gawayin kik da batir ɗaya, na tsufa ne da ramukan hanya, kowace mota mai wannan shekaru za ta nema, ba kuma su taɓa hana fita aiki fiye da rabin yini ba.

Abin da littafin ya nuna

Da na ware kuɗin gyaran gida-gida, kaso mafi girma ya tafi ne ga zafi, sai lodi, sai ruwa, kuma abin da zan iya kira lalacewar tsufa tsantsa shi ne mafi ƙanƙanta. Ƙasan injin, wato karanshaf da metal da fistin da ringi, ba a taɓa shi ba duk da tafasar da ya yi, giyabos ma haka, kuma har yau ba ta cin baƙin mai tsakanin juye da juye. A nan ne sunan motar ya tabbata. Hukuncina shi ne Alhaji bai yi kuskuren zaɓen irin mota ba, kuskurensa shi ne ya biya kuɗin suna ya ɗauka ya sayi lafiya, alhali lafiyar wannan guda ɗin tana rubuce a ƙarƙashinta da cikin lagiretonta, wuraren da awa biyu a kan rami da kuɗin bakanike na yini ɗaya za su bayyana kafin a yi ciniki, ko dai a fasa ko a rage farashi.

Yanzu an cire ƙarin ganyen, an daidaita sandar bawul ɗin birki, ranakun kaya da yawa kuma ana yin sawu biyu ko a ba wata motar rabi. Alhaji yana gunaguni a kan wannan duk ranar da ya faru, kuma ban ga laifinsa ba, domin gas ɗin sawu na biyu a take ake biyansa, boris ɗin da bai lalace ba kuwa ba ya fitowa a littafi. An shimfiɗa tamfol a bayan motar saboda ruwan tumatir, ana wanke ƙarƙashinta duk Juma'a, kuma duk makon da ta shiga ruwa ana buɗe notin aksil a duba launin mai.

Casis ne ya rage. Lokacin da dattijon yake ƙarƙashin motar ya bi shi da guduma tun daga gaba, ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kyau, har ya zo daidai maratayin sifirin na baya a gefen hagu, inda sautin ya mutu, bugu na uku kuma kan gudumar ya shige. Tsatsar daga ciki ta ci zuwa waje, ƙarƙashin baƙin fentin da dillalai suka shafa. Mai walda ya yanke wurin ya ɗora faranti ciki da waje, aka kankare lakar da ta kankaru, aka fesa tsohon mai a ramin, amma dattijon ya gaya wa Alhaji ƙarara cewa inji ana sake shi, aksil ana sake shi, casis kuwa shi ne motar, kuma ba zai iya cewa ga iyakar inda tsatsar ta tsaya ba. Wani dillali ya riga ya taya ta da farashin da ya fi wanda aka saye ta, saboda faɗuwar naira da kuma sunan da take ɗauke da shi, shi ma bai nemi a hau da ita rami ba. Alhaji bai sallama ba, bai kuma ce a'a ba. A jikin murfin taimin bel yanzu akwai sabuwar takarda da na rubuta da hannuna, ɗauke da lambar maleji ta ranar canji da bayanin cewa a ƙara mata aƙalla 60,000, kuma an tsayar da cewa idan ruwan Oktoba ya ɗauke za a mayar da ita Agege a sake bin gefen dama da guduma.